Takardun kamfani ba a WhatsApp ake ajiye su ba

Tambaya: Malam, muna sayar da taki da iri a nan Maradi, ma'aikata goma sha biyu. Duk takardunmu a guruf ɗin WhatsApp muke turawa. Makon jiya yaron shago ya sayar da kaya a tsohon farashi, domin jerin farashi uku ya tarar a ciki. Mece ce mafita?

Amsa: Alhaji, kada ka taɓa yaron nan, laifin naka ne. Kai da ba ka barin buhu ɗaya ya kwana a waje, ka zuba lissafin kamfani tsakanin gaisuwar Juma'a da hotunan suna! Wannan abu yana ci mini rai.

Abin da kake buƙata intaranet ce, wato rumbun takardu na cikin gida da sai wanda ke kan rezon biro yake gani. Kwamfuta guda za ka ware, ko tsohuwa ce, ka ɗora mata manhajar DokuWiki mai tara shafukan bayani. Kyauta ce, kuma tana ajiye shafuka a matsayin rubutu zalla, shi ya sa na fi son ta. Idan PDF da hotuna suka fi yawa, ɗauki manhajar Nextcloud. Ko intanet ta yanke, aiki na tafiya.

Sai dai ba na'ura ke kashe irin wannan rumbu ba, rashin mai shi ne. Kowane shafi a rubuta a samansa wanda ke kula da shi da ranar da aka duba shi. Farashi na kontabul ne, lissafin kaya na mai sito. Jeri ɗaya tak zai zauna a fili, tsoho a kai shi ma'ajiya. Sunan fayil ya fara da kwanan wata, kamar 2025-03-14, su jeru da kansu. Kada in ƙara ganin "sabo", "sabo na gaskiya", "sabo na ƙarshe". A guruf kuwa adireshin shafin za a tura, ban da takardar. Wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar, kafin ya kai bakin titi.

Tambaya: Jiya shafin biro yana buɗewa, yau ya ƙi, alhali kwamfutar tana kunne.

Amsa: Da alama adireshinta, wato lambar da ake gane ta da ita a kan rezo, ya canza. Shiga rauta, wato na'urar da ke raba rezon biro, ka ɗaure mata adireshi guda, irin 192.168.1.10.

Tambaya: Ina kwafe komai a kile, ina ajiye shi a durowar teburin. Ya isa?

Amsa: Hajiya, ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta zai ji kunyar buɗe durowa ne? Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wajen biro. Ki sayi andilar, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta, saboda ɗauke wuta, ki riƙa hure ƙurar hunturu kafin zafin Afrilu ya sami kwamfutar a toshe.