Amsa: yadda ake ganin ainihin takun lokaci da lissafin ke yi a ciki

Wa alaikumus salam, Malam. Na fahimci kana lissafin yadda ruwa ke hawa da sauka a tankin ban-ruwa na gonar tumatir a wajen Kadawa, da odeint na SciPy (kundin lissafi na Python), kana karɓar sakamako awa-awa, kuma kana son ganin takun da kwamfutar ta yi da kanta tsakanin waɗannan awannin.

Da farko ka bar dabarar nan ta rubuta t, wato lokaci, a cikin aikin da ke lissafa saurin canjin ruwan. Kusan kowa da ita yake farawa, kuma ruɗarwa take yi. Ba sau ɗaya ake kiran aikin a kowane taku ba. RK45, hanyar asali ta solve_ivp (wani mai warware irin wannan lissafi a SciPy), tana kiransa sau 6 a kowane yunƙuri, a wurare irin su kashi ɗaya cikin biyar na takun, uku cikin goma, huɗu cikin biyar. In kuskuren ya wuce iyaka sai ta watsar da yunƙurin, ta koma baya ta rage tsawon takun. Shi ya sa za ka ga lokacin da ka tara yana gaba yana baya kamar akuya a turke. Gwaje-gwaje ne ka tara, ba taku ba.

Shi kuwa odeint ba zai ba ka abin da kake nema cikakke ba. A ƙarƙashinsa hanyar lissafi ta LSODA ce ta tsohon kundin ODEPACK, kuma ko ka sa full_output=1, abin da zai fito kaɗan ne: hu na nuna tsawon taku na ƙarshe kafin kowace awa da ka nema, tcur na nuna inda lissafin ya kai, wanda sau da yawa ya ɗan zarce awar, nst kuma jimillar takun da aka yi zuwa nan. In an yi taku arba'in tsakanin ƙarfe shida da bakwai, ɗaya kawai za ka gani.

Ka koma solve_ivp. In ba ka ba shi t_eval ba, wato jerin lokutan da kake son sakamako, sol.t na cikin amsar da ya dawo da ita shi ne jerin takun da aka amince da su, ɗaya bayan ɗaya, sai ka bi shi da np.diff ka sami tsawon kowanne. In kuma kana bukatar sakamakon awa-awa don jadawalinka, ka ba shi t_eval ɗin, ka ƙara dense_output=True, takun na ciki za su zauna a sol.sol.ts. Ka lura da abu biyu a nan. Jerin abubuwan da ake miƙa wa aikin ya juye: odeint y (yawan ruwan) yake fara bayarwa sannan t, solve_ivp kuwa t ne farko. Sannan iyakar kuskurensa ta asali sako-sako ce, rtol 0.001 da atol 0.000001, alhali ta odeint wajen 0.000000015 ce. In ba ka daidaita su ba, kada ka yi mamakin ganin takun sun yi tsawo kuma amsar ta ɗan kauce. Kana iya sa method='LSODA' don ka tsaya kan hanyar da ka saba.

Yunƙurin da aka watsar ba sa fitowa a sol.t, amma da RK45 ana iya ƙirga su. Ka cire 2 daga sol.nfev (yawan kiran aikin), wato kira biyun farko na zaɓen takun farawa, ka raba da 6, ka cire yawan takun da aka amince da su. Abin da ya rage su ne waɗanda aka watsar.

Inda nake ganin matsalarka take shi ne injin ban-ruwan. Tunda kunna shi da kashe shi farat ɗaya ne, lissafin yana da gaɓa mai kaifi a daidai wannan lokacin. Ko dai ka ga takun sun ƙanƙance sun taru a wurin, wanda ba laifi ba ne, ko kuma abin da ya fi muni: da dare ruwa ba ya motsi sosai, takun na iya ninkawa har sau 10 a lokaci guda, sai ya kai awa uku ya tsallake rabin awar da injin ya yi aiki, ba tare da wani gargaɗi ba. Tankin ya cika a gona, a kwamfuta babu komai. Maganin gaggawa shi ne sa max_step, wato iyakar tsawon taku, ƙasa da gajeren lokacin aikin injin, misali minti 10 in rabin awa yake yi. Wanda ya fi tsafta, ka yanka lissafin gida-gida a lokutan kunnawa da kashewa, ƙarshen wannan ya zama farkon na gaba.

Takun ƙarshe yakan fito ɗan guntu saboda an datse shi ya faɗa daidai kan lokacin tsayawa, kada ka sa shi cikin matsakaici.

In malaminka a Wudil ya ce sai da MATLAB, ka sani ode45 na cusa ɗigo huɗu a kowane taku saboda Refine yana kan 4. Ka mayar da shi 1 ta odeset, ko ka karɓi amsar a matsayin sol ka duba sol.x, kuma tspan ya zama farko da ƙarshe kawai.