Tambayi Likita: kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin kuɗi, cuta ce ko haka abin yake?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk a kanmu ne mu likitocin ƙwaƙwalwa, musamman idan an same mu a asibitin kuɗi, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Sunaye kuma na sakaya kamar yadda aka saba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano: Likita ƙanina ne ɗan shekara 24, yau wata biyu ba ya barci, yana magana shi kaɗai, wai maƙwabta na bibiyarsa. Mama ta ce ba za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba saboda bakin mutane. Muka je asibitin kuɗi, kuɗin ganin likita kawai ya kusa rabin albashina. Anya ba cuta ba ce?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa, ya saka miki da alheri da kika tsaya masa. Ba lallai cuta ba ce, amma bari in faɗa miki inda kuɗin ke tafiya. Ganin farko a wajenmu ba irin na zazzaɓi ba ne da za a ce buɗe baki, a ɗebi jini, je ka kemis, a'a, likita zai zauna da shi kamar minti 45 zuwa awa ɗaya wani lokacin ma fiye, ya bi diddigin yadda abin ya faro, yarintarsa, karatunsa, ko akwai mai irin wannan a dangi, ko yana taɓa wiwi ko ƙwaya, sannan ya keɓe da ke ko Mama ya ji ta bakinku tunda mai irin wannan lalura yawanci shi bai yarda ba shi da lafiya ba. Kafin ya gama da ƙaninki wani likitan ya sallami mutum biyar. Ga kuma ƙarancinmu, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 amma likitocin ƙwaƙwalwa da suka gama ƙwarewa ba su cika 300 ba, kuma a cikin 'yan kaɗan ɗin kullum sai ka ji wane ya tafi Saudiyya wane ya tafi Ingila. Ki ɗora hayar gida da dizal da albashin nas-nas a kai.

To amma ga abin da nake so ki riƙe, kuɗin nan lokaci da sirri da rashin bin layi yake saya muku, ba wani magani na daban ba. Sau da yawa kwansultan ɗin, wato babban likitan, da kuka gani da yamma a asibitin kuɗi shi ne dai yake zaune da safe a asibitin gwamnati, kuma risperidone ko olanzapine ko haloperidol ɗin da zai rubuta a can shi zai rubuta a nan. Kuma wannan ciwon ba na zuwa ɗaya ba ne, wanda abin ya same shi karon farko ko ya warware sarai ana so ya ci gaba da shan magani aƙalla shekara guda, da yawa ma har biyu. Abin da ke ci min rai wallahi shi ne gidan da za su tattara duk abin hannunsu su zuba a ganin farko, wata na biyu babu kuɗin magani, a daina, bayan wata huɗu ko biyar yaro ya dawo ya fi da, sai a ce ai asibiti ba ya maganin wannan. Ki yi lissafin shekara, kar ki yi na rana ɗaya. In kuɗin zai kai, ku ci gaba a can. In ba zai kai ba ki faɗa wa likitan gaskiya ya rubuta muku takarda zuwa asibitin gwamnati, ba abin kunya ba ne kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ki kuma tambaye shi ko za ku iya sayen maganin a waje, da nawa ne kuɗin ranar dawowa, don yawanci bai kai na farko ba, sannan in kuna da inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jiha ki tambaya me ta ɗauke muku.

Ita kuma Mama a lallaɓa ta, tsoronta na da dalili, mun san bakin mutane. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa a cikin babban asibiti, mai ciwon ido da mai hawan jini duk ƙofa ɗaya kuke shiga, ba wanda ya san inda kuka nufa. Idan kuwa ya fara maganar kashe kansa ko cutar da wani, ko ya daina ci da sha, ranar nan za a kai shi asibiti mafi kusa, ba a jiran ƙarshen wata.

Tambaya daga wani ɗalibi ɗan aji shida a Zariya: Ina son zama likitan ƙwaƙwalwa, me zan karanta kuma shekara nawa ne?

Amsa: Madalla ɗana, irinku muke nema. Ba wani kwas da ake shiga kai tsaye daga sakandare, sai ka fara zama cikakken likita tukuna. A JAMB Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks za ka rubuta, ka yi MBBS, wato digirin likita, shekara 6, ka yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, ka yi bautar ƙasa shekara ɗaya. Bayan nan ka ci jarrabawar share fage ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, sannan ka nemi gurbin rasidansi, wato horon ƙwarewa, a asibitin koyarwa kamar na Shika ko Jos, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin su Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, ko Aro a Abekuta inda Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin nan na ajiye marasa lafiya a ƙauye tare da danginsu a 1954. Rasidansin na cin shekara 4 zuwa 6, da manyan jarrabawa biyu, ta ƙarshen sai ka rubuta kundin bincike ka kare shi. Ka ga shekara 12 zuwa 14 kenan in ba yajin aiki ba faɗuwa. Amma tun daga shekarar sanin makama ana biyanka albashi, ba duka a aljihun Baba ba ne. Kuma ka shirya, za a ce maka mai duba mahaukata shi ma wata rana sai ya taɓu, ƙarya ce, ba ciwon da ake ɗauka ba ne.

Tambaya daga wani magidanci a Gusau: Na ga wani a Facebook yana kiran kansa dakta, na tura masa kuɗi muka yi magana ta waya, ya ce in sayi wata ƙwayar barci a kemis. Shin shi ma irinku ne?

Amsa: Malam ka dakata da ƙwayar nan tukuna, in kuma ka riga ka yi makonni kana sha kar ka yanke lokaci guda, ka je likita ya rage maka a hankali, don irin su diazepam jiki na sabawa da su, yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Mutane na cakuɗa mu da masanin halayyar ɗan Adam. Shi ba MBBS ya yi ba, ilimin halayya ya karanta ya ƙware a ɓangaren asibiti, aikinsa gwaje-gwajen tunani da magani ta hanyar zama a tattauna, aiki ne mai matuƙar amfani, ni kaina ina tura musu marasa lafiya, amma ba ya rubuta magani. Akwai nas ɗin ƙwaƙwalwa su ma da nasu horon. Sai kuma waɗanda suka yi kwas na sati biyu a intanet suka buga kati. Likitan gaskiya yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, yana sabunta lasisinsa duk shekara, wanda ya ƙware a ƙwaƙwalwa za ka ga haruffan shaidar ƙwarewa, FMCPsych ko FWACP, a bayan sunansa. Ka tambaye shi a wane asibiti ya yi rasidansi, a ina yake aiki yanzu, mai gaskiya zai amsa maka ba tare da kame-kame ba. Kuma dalilin da ya sa sai an zama likita tukuna shi ne, abin da ya yi kama da taɓin hankali ko damuwa wani lokacin farfaɗiya ce, ko ciwon da ke kawo maƙoƙo, ko suga, ko zazzaɓin da ya hau kai, wanda bai san jiki ba ba zai gane ba.

Tambaya daga wata uwar gida a Katsina: An ce ina da ciwon damuwa, an ba ni fluoxetine, yau kwana goma ba canji sai tashin zuciya. Likitan ya ce in dawo bayan sati biyu in sake biya. Ba wayon cin kuɗi ba ne?

Amsa: A'a Hajiya, haka maganin yake, yana ɗaukar sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani sai sati 6, tashin zuciyar kuma yakan lafa da kansa, ki riƙa shansa da safe bayan kin karya. Dawowar sati biyun ita ce inda ake duba ko ya karɓe ki, ko a ƙara ko a canja, kuma ana tambayar ko tunanin mutuwa na zuwar miki, in yana zuwa kar ki jira ranar, ki je yau. In komai ya daidaita za a riƙa nisanta ranar, wata ɗaya, wata biyu, har uku. Kuma ko kin ji garau ki ci gaba aƙalla wata 6. In kina da ciki ko kina shayarwa ko kina neman haihuwa ki faɗa masa.

Tambaya daga wani dattijo a Kaduna: Ɗana ya faɗa shan taramol da kodin. Wani gidan gyaran hali ya ce in biya kuɗin wata uku gaba ɗaya, kuma ba za mu gan shi ba sai ya fito. In biya?

Amsa: Baba Allah ya shirya mana zuri'a, kuma ba kai kaɗai ba ne, binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Kwanciya ta makonni ko watanni ba baƙon abu ba ne a maganin shaye-shaye, wasu wuraren ma sukan taƙaita ziyara a makonnin farko, amma a ce wata uku cur ba za ku sa shi a ido ba, wannan ban yarda da shi ba. Ku a Kaduna ba ku manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan gyaran hali a Rigasa a 2019 ba, mutum sama da 300 wasu da mari a ƙafa, kuma iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya suna biyan kuɗi. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, majinyaci na da haƙƙin a mutunta shi. Kafin ka ba da ko sisi ka ce a shiga da kai ka ga ɗakin kwana da banɗaki da abin da suke ci, ka tambayi sunan likitan ƙwaƙwalwar da ke duba su da sau nawa yake zuwa a sati, ko akwai nas da ke kwana, don mai barin taramol na iya yin jijjiga cikin dare. A rubuta maka me kuɗin ya ƙunsa, gado ne kawai ko har da magani da gwaji, kuma nawa za a maido in ya fito kafin lokaci, ka nemi biyan wata-wata. Addu'a da ruƙiyya kar a fasa, ba sa karo da magani muddin ba duka ba ɗauri. Amma ni da za ka bi tawa, ka fara kai shi Barnawa tunda tana kusa da kai, suna da sashen masu shaye-shaye, a duba shi a faɗa maka ko ma yana buƙatar gadon ko zai iya zuwa daga gida, ka tafi da kwalayen abin da yake sha in ka same su a ɗakinsa.