Sani, kar ka bari Alhaji ya sayi jirgin nan da ido

Sani na ga saƙonka tun safe, hannuna na cikin giyar wani injin jirgin ruwa Yamaha ne shi yasa sai yanzu. Kace Alhajin da ya zo gareji jiya yana son jirgin faiba mai sitiyari a tsakiya, na fita fatsa, ran Lahadi kuma ya kwashi iyali zuwa Tarkwa Bay, bakin tekun nan na shaƙatawa a Legas, kai kuma har ka ce masa ya ɗauki babba mai inji biyu. Toh ka yi sauri yaro na. Da ni ne abin da zan fara tambayarsa, Alhaji a wata sau nawa za ka fita kifi, sau nawa Hajiya da yara za su hau?

Kaga irin jirgin nan asalinsa don masu fatsa aka yi shi. An tattara sitiyari da mitoci a akwati ɗaya a tsakiya don mutum ya zagaya ko ta ina in kifi ya ja shi, ba abin da zai tare masa hanya. Wannan filin da mai fatsa yake so shi ne ke ba iyali wahala, ba wurin zama ba inuwa, ruwa na fallatsowa. Na sha gani, mutum ya saya da ɗoki, a fita sau ɗaya rana ta gasa yara, Hajiya ta ce ita da jirgi har abada, shikenan ya zauna a jeti yana tara gansakuka. Jirgin da ya yi wa iyali daɗi zai kama kifi lafiya lau, don haka daga wajen iyali za ka fara masa lissafi.

Tsawo, ni ƙafa 21 zuwa 23 nake ba irinsa shawara. Dalili na farko ma ba igiyar ruwa ba ce, banɗaki ne, daga wajen wannan tsawon ake samun ɗan makewayi a cikin akwatin sitiyarin, kuma mai mata da 'yan mata in babu wannan wallahi awa biyu ba za su yi a ruwa ba, kuma ba wadda za ta buɗe baki ta faɗa masa dalili. Sai rumfa a saman direba, sai kujerun gaba masu katifa da ake cirewa ranar kifi. Ka shiga ciki ka jingina da gefen jirgin, in a gwiwa ya tsaya maka bai yi ba, ya kai cinya, saboda yaro ɗan shekara biyar ba ya jin kar ka leƙa.

Yanzu zo ƙasan jirgi, nan nake so ka buɗe kunne don nan ne ba ka gane ba tukuna. Ka tsuguna ta baya ka kalli yadda cikinsa ya yi tsini zuwa ƙasa. Wanda ya kusa shimfiɗewa, digiri 12 zuwa 15, in an tsaya fatsa tsaf yake ba rawa, yana shiga ruwa mara zurfi, ba ya shan mai sosai, amma da iska ta taso zai dinga dukan ruwa bam bam har ka ji a ƙashin bayanka. Mai tsini sosai, digiri 20 zuwa sama, yanka igiya yake kamar wuƙa, sai dai da an kashe inji aka tsaya sai lilo, nan amai ke farawa, ga shan mai. Wanda yawonsa cikin lagun ne da Tarkwa Bay, na tsaka-tsaki ya ishe shi, 17 zuwa 19. In kuma ya ce zai dinga wuce bakin tashar jiragen nan ya shiga teku sosai, toh magana ta canza, nan ne mai tsini da inji biyu ke da amfani, in ɗaya ya mutu ɗaya ya dawo da kai gida. Banda haka inji biyu sabis biyu ne, batir biyu, farfela biyu, komai biyu.

Inji ɗaya mai doki 150 zuwa 200, fo-sitirok, wato wanda ba a haɗa masa fetur da baƙin mai, ya wadatar. Injin Yamaha Enduro ɗin da muke gyara wa masu jigila jarumi ne ba musu, amma hayaƙinsa da ƙararsa ba na yawon iyali ba ne. Ka faɗa masa gaskiyar mai tun yanzu kar ya zo yana zarginmu, mai doki 150 in aka danna shi ƙarshe yana shan wajen lita 55 a awa, in aka tafi a hankali kusan rabin haka. Tankin kuma kashi uku ake raba shi, ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Baƙin mai a canza shi duk awa 100. Duk dawowa a wanke cikin injin da ruwan famfo don gishiri ba ya da mutunci. Kuma ruwan Legas ka san shi da leda da ciyawa, idon direba na kan ɗan fitsarin da injin ke yi ta baya, wato ruwan da ke sanyaya shi, ya ɗauke a kashe nan take.

In tokumbo zai saya, kuma na san shi zai saya, toh a yi hattara. Da yawansu daga Amurka suke zuwa, kuma can duk guguwa, irin Ian da ta daki Fulorida a 2022, tana barin jiragen da suka sha ruwa a yi gwanjonsu. Shekarun baya na raka wani maigida sayen ɗaya, fari ƙal, kujeru sababbi, sai sheƙi yake. Na ɗaga injin sama na ɗora ƙafa a kan ƙafarsa na danna, sai na ga bangon baya na motsi yana numfashi. Na ƙwanƙwasa da guduma, maimakon ƙas ƙas sai na ji bif bif, na kwance noti ɗaya sai ga baƙin ruwa na tsiyaya, katakon da ke cikin faiban ya riga ya zama dusa. Dillalin har fushi ya yi wai na ɓata masa kasuwa. Bangon nan shi ke riƙe da inji mai kilo sama da 200, ka yi tunanin ya ɓalle da yara a ciki.

Sauran ka sani, man giya in ya fito kamar madara ruwa ya shiga, silinda su zo kusan daidai a awon matsin iska kar tazara ta wuce kashi 10 cikin 100, ka taka ko'ina a ƙasa ka ji ko akwai inda ke lotsawa, ka buɗe wayoyi ka ga ko sun yi kore. Ka karanta farantin da ke kusa da sitiyari mai faɗin yawan mutane da nauyi, ka ƙirga har kular sanyi da ƙanƙara da tukunyar abinci. Rigar ruwa kowa da tasa, na yara daidai jikinsu, 'yan LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta Legas, ma ba sa wasa da wannan. Kuma ba a biya sai an gwada a ruwa da mutane cike, ba kai da dillali ku biyu ba.

Ka kira shi ka ce kar ya ba da ko sisi tukuna. Asabar bayan azahar ka ɗauko ƙaramar guduman nan da gejin awon silinda mu je tare, kai za ka ƙwanƙwasa ni ina saurare. Ka ce masa in zai yiwu ya zo da Hajiya ta hau ta zauna da kanta.