Me ya sa tukunyar alminiyam ke saurin ɗaukar zafi fiye da ta ƙarfen da ba ya tsatsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa tukunyarka ta alminiyam ke ɗaukar zafi ko'ina lokaci ɗaya, amma ta ƙarfen da ba ya tsatsa sai tsakiyarta ta ƙona abinci alhali gefe bai yi zafi ba.

Ƙarafa sun bambanta wajen wuce da zafi. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, inda babbar lamba ke nufin saurin wuce da zafi, azurfa ce kan gaba da kusan 430, jan ƙarfe na bin ta da kusan 400, alminiyam wajen 237, baƙin ƙarfe kamar 80. Wanda ba ya tsatsa kuwa kusan 15 kacal. Ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektiron su ne ke kai zafin daga wuri zuwa wuri, kuma idan aka gauraya ƙarfe da wasu sinadarai, kamar yadda ake yi wa wanda ba ya tsatsa, sai tafiyarsu ta yi wuya. Shi ya sa ake liƙa wa gindin irin wannan tukunya faifan alminiyam ko jan ƙarfe. Ka juya taka ka duba.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne ɗaukar riƙe zafi a matsayin saurin wuce da shi. Kaskon baƙin ƙarfe mai kauri yana daɗewa da zafi saboda nauyinsa ne, amma a hankali zafin ke yaɗuwa a cikinsa.

Kada ka dafa abu mai tsami a tukunyar jan ƙarfe da ba a lulluɓe cikinta ba, domin ƙarfen na narkewa cikin abincin.