Amsa ga 'yar uwar da ke neman makaranta wa yaronta mai matsalar ji

Salam 'yar uwa, Allah ya ba ki ladan ɗawainiya. Kin ce yaronki shekara shida baya ji sosai, kina tunanin ko ki barshi a firamaren unguwa ko ki kaishi makarantar kurame. Ni ƙanina ne ya taso haka, shi yasa abin ya taɓa ni.

Kafin komai ki kaishi ɓangaren kunne a asibitin Malam Aminu Kano a auna jinsa, don in da sauran ji, na'urar kunne da zama a bencin gaba sai su wadatar, ba sai an raba shi da 'yan uwansa ba. In kuma jin ya tafi sosai to gaskiya kada ki ɓata masa shekaru, mu mun sa namu a wata firabet shekara biyu yana kwafar allo kawai bai san me yake rubutawa ba, malama ma ta ɗauka taurin kai ne, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Akwai makarantar kurame ta gwamnati a Tudun Maliki, Kano. Amma ki je da ƙafarki ranar karatu, ki ga yara nawa ne a aji, malaman sun iya maganar hannu da gaske, in kwana zai yi ki leƙa ɗakin kwanan da banɗaki.

Sannan ku ma a gida ku koyi maganar hannun da ake musu a makaranta, ta sha bamban da wadda muke yi a gida, in ba haka ba ya dawo hutu ya rasa abokin hira.