Filin Tambaya da Amsa: Aikin Sa Kai a Ƙauyukan Ƙasashen Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, kuma ina sha'awar zuwa wata ƙasa aikin sa kai domin horar da manoman karkara dabarun adana amfanin gona. Wani kamfani ya yi mini tayin tafiyar mako biyu idan na biya kuɗi. Shin in amince, ko akwai hanyar da ta fi wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka dakata tukuna, domin mako biyu ba zai ishi aikin da ka sa a gaba ba, kuma sana'arka ce za ta ba ka hujjar hakan.

Ka duba buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira don adana wake ba tare da maganin ƙwari ba. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhu, ana matse iska a ɗaure kowace dabam, sai ƙwarin da ke ciki su mutu saboda rashin iska. Bayanin nan ba ya ɗaukar rabin sa'a. To amma manomin da abincin iyalinsa na shekara yake cikin hatsin nan ba zai sauya abin da ya gada ba don wani baƙo ya yi masa lacca a gindin bishiya. Abin da ke gamsar da shi shi ne a cika buhu a gabansa lokacin girbi, a ɗaure, a ajiye a gidan wanda gari ya yarda da shi, bayan watanni a kwance a bainar jama'a, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya ga babu huji ko ɗaya. Mai mako biyu zai ga ɗauri, ba zai ga ranar kwancewa ba, kuma ba zai sani ba ko akwai ɗan kasuwar da zai riƙa kawo buhunan bayan tafiyarsa.

Wannan ne ya sa manyan shirye-shirye suke ɗaukar mutane na tsawon lokaci. Peace Corps ta Amurka, wadda aka kafa a 1961, tana tura 'yan ƙasarta na shekara biyu bayan kusan wata uku na koyon harshe da zaman jama'a. Waɗanda suka fi shafarka su ne shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, da aka kafa a 1970 mai hedikwata a Bonn ta Jamus, da ƙungiyar VSO mai tura masu sa kai ƙasashen waje, da ta soma a Ingila a 1958, da shirin matasa na Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a 2010, na shekara guda, ga masu shekara 18 zuwa 35. Idan kai ɗan Najeriya ne, akwai kuma shirin TAC da gwamnati ta kafa a 1987, wanda ke tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. UNV ba ta karɓar kuɗin neman gurbi, hasali ma ita ke biyan alawus na wata-wata, saboda haka duk wanda ya nemi kuɗi da sunanta ɗan damfara ne.

Idan Allah ya sa ka samu gurbi, ka kashe watannin farko kana tambaya da saurare, domin mutanen da suka daɗe suna noma a ƙasa sun san halinta fiye da duk baƙo, komai iliminsa. Kada ka kira taron horo ana tsakiyar aikin damina, kuma ka nemi lokacin da ya dace da mata, tun da a wurare da yawa su ne ke kula da sussuka da ajiya. Tun daga farko ka zaɓi mutum biyu ko uku 'yan garin ka riƙa aiki tare da su, har ya zama su ke gabatar da darasi kana zaune a gefe.

Shi kuwa kamfanin, ba na cewa na damfara ne, amma ka nemi ya nuna maka a rubuce wace ƙungiya ce ta gayyace ka a can, wane ne zai ci gaba da aikin bayanka, nawa daga kuɗinka zai isa ƙauyen, kuma wace irin biza za a yi maka, domin ƙasashe da dama ba sa halatta aiki, ko da na kyauta ne, da bizar yawon buɗe ido.