Tsofaffin ɗalibai masu kaɗa ƙararrawa a Ingila

Malam, ka tambaya ko ɗalibi kan bar ƙungiyar masu kaɗa ƙararrawa idan ya gama jami'a. Yawanci ba ya bari. Ta Jami'ar Oxford tun 1872 take, ta Kambirij kuwa 1879, kuma tsofaffin ɗalibansu kan dawo liyafar shekara-shekara, su hau hasumiyar coci tare da na yanzu.

Aikin na taro ne. Kowa igiyar ƙararrawa ɗaya yake riƙewa, ana ta sauya jerin bugu ba maimaici. Cikakken zagaye da ƙararrawa bakwai sauyi 5,040 ne, wajen awa uku a tsaye, duk a haddace, babu takarda. Wannan haƙurin yana burge ni ƙwarai. Sabon shiga kuwa ba zai iya ba sai da tsohon hannu a gefensa.